Yadda Aka Karrama Jitar Malam Sulemanu

Ranar da na aiki mijina Malam Sulemanu zuwa Funtuwa ya sayo mana katifa, da jita ya dawo. Ya goyo ta a baya da igiya kamar jaririya, yana ta washe baki tun daga bakin titi.

Na ce, "Malam, ina katifar?"

Ya ce, "Susana, ke dai saurara."

Ya zauna a kan turmi ya ja yatsa a kan tsirkiyoyinta. Na saurara. Daɗi kam akwai daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma mun ci gaba da kwana a tabarma har kaka ta zagayo.

Tun kafin ta zo hannunmu jitar nan ta ga duniya. Mai gwanjon ya ce ta girmi Malam, kuma daga ƙarƙashin tarin labule da takalma ya zaƙulo ta. Launinta kamar zuma. Akwai 'yar siririyar tsaga a ƙasan cikinta, kunnenta ɗaya da ake murɗawa ba irin sauran ba ne, sannan ga wani wuri da ya goge tas har itace ya fito fili, inda hannun wani bawan Allah da ba mu sani ba ya yi shekaru yana gogawa. Wurin nan Malam ya fi so. Ya ce itace idan ya daɗe yana shan kiɗa yakan bushe ya saki murya, sabuwar jita kuwa sai ta tsufa take koyon magana. Na ce to, ni ma na tsufa, ban ga ana shafa ni ana yabo ba.

Malam ya koyar a firamare har ya yi ritaya, ya koma gonar masara da waken suya kamar kowa a ƙauyenmu. Kullum ya dawo daga gona ya yi wanka, sai gindin mangwaron tsakar gida da jitarsa. Yana da wata waƙa tasa da ya shirya da kansa, ba ta da kalmomi ma, da ita yake farawa da ita yake rufewa. Ni kuwa aikina in leƙo daga madafi in ce, "Malam, ka rage, kaji ma sun gaji." Maƙwabcinmu Malam Mudi kafinta, wanda katanga ce kawai ta raba mu, shi bai taɓa yin ƙorafi ba. Na lura dai da zarar ya idar da sallar la'asar kiɗan ya fara, sai gudumarsa ta yi shiru.

Ranar Lahadi kuma Malam yana da bencinsa a gaban majami'a, kusa da mawaƙa. Da can shi kaɗai ne da jitarsa da gangar mata. Daga baya matasa suka kawo kibod da manyan lasifika da janareto, ɗanmu Luke ne ma yake danna kibod ɗin. Abin magana biyu ne, ɗaya na Fasto, ɗaya na mai ba da waƙa. Malam bai samu ba, bai kuma nema ba. Ya ci gaba da kaɗa abarsa yana lumshe ido.

To, muna da wata al'ada a majami'armu. Duk shekara ranar godiyar kaka, bayan an gama tara masara da dawa da kaji a gaba, sai a zaɓi mutum guda a karrama shi. Mu ba ma ba da atamfa ko agogon bango. Kayan aikin da mutum yake yi wa ikilisiya hidima da shi ake sabunta masa, kuma a ɓoye ake yi, sai ranar zai gani. Abin ya faro lafiya lau. Mai shara ta samu sababbin tsintsiyoyi. Mai buga ƙararrawa, wadda tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce, an yi masa sabuwar guduma. Sai aka naɗa Dattijo Job shugaban kwamitin karramawa.

Dattijo Job mai sayar da maganin feshi ne a Malumfashi, kuma mutum ne da bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Shi ya sa aka shimfiɗa tayil mai santsi a wajen wa'azi, har Fasto ya koyi tafiya kamar mai tsallake rafi. Ba mugu ba ne, wallahi da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Mugu yakan gaji ya huta.

Shekarar da abin zai faru, 'yarmu Glory ta haihu a Kafur ana saura kwanaki godiyar kaka. Muka shirya tafiya ni da Malam. Ya ɗauko jitar zai tafi da ita, direba ya ce sai dai a kama mata kujera kamar mutum. Malam ya mayar da ita ɗaki ya rataye a ƙusarta, ya ce wa Luke ko ƙuda kada ya bari ya sauka a kanta.

Abin da ya biyo baya daga bakin Luke na ji shi, bayan na matse shi. Ƙurar motarmu ba ta kwanta ba Dattijo Job ya iso da 'yan kwamitinsa. Suka ce bana Malam za a karrama, baƙi za su zo daga Malumfashi da Bakori, kowa da wayarsa, kuma ba zai yiwu a ɗauki hoton gaban majami'armu da wannan abu mai kama da ƙyauren bayan gida ba. Ɗana, da na yi wata tara ina ɗauke da shi, ya miƙa musu ita da hannu biyu har da rusunawa.

Suka kwantar da ita a kan tebur suka kewaye ta kamar saniyar da ba ta da lafiya. Dattijo Job ya ce abu na farko gara. Kowane manomi a ƙasar nan ya san katakon da ba a shafa wa baƙin mai ba abincin gara ne, don haka ya aika aka kawo wanda aka juye daga injin niƙa, ya shafe ta ciki da waje kamar katakon rufin ɗaki. Ya jefa ƙwayar maganin da muke sa wa buhun wake a ramin cikinta, ya ɗaure ta a leda ta kwana biyu, ko da akwai ƙwaron da ya ɓuya.

Daga nan aka kai wa Malam Mudi ya gyara tsagar. Shi kam ya ce a jira mai ita. Aka ce masa sirri ne, haka al'adar take, sai ya yi shiru don ba ya son shiga harkar addinin maƙwabta. Tunda kuwa ta maƙwabcinsa ce, ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya sa mata falankin katako mai kauri ta ciki, ya bi da ƙusoshi, ya ce har jikokin Malam za su gada.

Tsirkiyoyin ma ba su tsira ba. Dattijo Job ya ce sun yi siriri sun yi tsatsa, aka cire aka ɗaura wayar birkin babur, wadda ya ce ko jaki aka ɗaure da ita ba za ta tsinke ba. Na ƙarshe aka kai ta Funtuwa wajen Mahadi mai fentin manyan motoci. Mahadi ya yi mata kore, ya bari ya bushe ya ƙara, ya sake ƙarawa don ta yi ƙyalli. Ya zana mikiya ta buɗe fukafukai a gaba, a baya kuma ya rubuta sunan Dattijo Job da na kwamitinsa.

Muka dawo ranar Asabar. Malam bai ko ajiye jaka ba ya shiga ɗaki, ya fito ya ce, "Luke, ina take?"

Luke ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, tana wajen dattawa. Gobe za ka gani."

Nan Malam ya gane shi za a karrama. Kunya ta kama shi, har da ɗan murmushi. Ya ce mini wataƙila jaka suka ɗinka mata, dama ya daɗe yana son jaka. Ni dai ban yi murna ba, don na san Job tun yana yaro.

Ranar Lahadi majami'a ta cika har waje. Masara tsibi guda a gaba, kaji ɗaure suna ta kuka, wani bunsuru yana cin ganyen adon da aka yi. Bayan wa'azi mutum biyu suka shigo da wani abu lulluɓe da farin leshi. Dattijo Job ya karɓi abin magana ya yi jawabi mai tsawo a kan hidimar Malam, da yadda ikilisiya ta ga dattijonta yana fama da tsohon abu ta ce a'a, ba a gabanta ba. Sannan ya yaye leshin.

Mata suka rangaɗa guɗa. Wayoyi suka tashi sama. Ni kuwa fuskar mijina nake kallo. Ya miƙe ya karɓa, nauyinta ya ja hannunsa ƙasa. Na ga yatsunsa sun tafi neman wurin nan da ya goge, suka tarar da fiffiken mikiya. Daga inda nake zaune a layin mata ina jin warinta, warin garejin kanikawa.

Al'adar kuma ta ce wanda aka karrama a take yake gwada kayansa a gaban jama'a. Aka yi tsit. Malam ya zauna, ya ɗora ta a cinya, ya ja yatsa. Sautin da ya fito irin na mutum ya mari buhun masara ne. Ya sake ja. Haka dai. Kafin ya ja na uku Luke ya danna kibod, ganga ta ɗauka, lasifika suka cika ɗakin, jama'a suka miƙe da rawa.

Dattijo Job ya yi ihu a abin magana, "Kun ji bambanci?"

Majami'a gaba ɗaya ta amsa, "Mun ji!"

Aka ba Malam dama ya yi godiya. Ya gode wa Allah, ya gode wa Fasto, ya gode wa kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Mutum ne mai ladabi, abin da yake ba ni haushi da shi ke nan wani lokaci.

Muka koma gida ya rataye ta a ƙusarta, ƙusar ma sai da ta lanƙwashe. Yamma ta yi bai fito gindin mangwaro ba. Washegari ma haka. Ni da na yi shekaru ina roƙon a rage, ga shi an rage mini gaba ɗaya, sai na rasa inda zan sa kaina. Tuwo ya ƙone mini sau biyu a mako guda. Luke kuwa ya sha faɗa har ya koma cin abinci a gidan abokinsa. Na ji tausayin Malam ƙwarai, don ya zama kamar mutumin da aka yi wa rasuwa aka kuma hana shi karɓar gaisuwa.

Ranar kasuwa na hau mota na je Malumfashi har shagon Dattijo Job.

Na ce, "Dattijo, kun kashe wa mijina jita."

Ya ajiye gorar maganin da ke hannunsa yana mamaki da gaske. Ya ce, "Haba Maman Luke! Kashewa? Ai kowa cewa yake sautinta ya ƙaru. Baƙin Bakori ma sun tambaye ni wa ya yi mamu aikin. Ke dai ba ki saba da sabon abu ba ne."

Na ce, "Kai da kunnenka ka ji ta?"

Ya ce, "Ni da nake tsaye kusa da ita?"

Na dawo gida ban faɗa wa Malam na je ba.

Lahadi ta zagayo. Na ɗauka zai ce ba shi da lafiya, amma ya sa rigarsa ya saɓa koriyar jitar muka tafi. Aka fara waƙa. Ina kallonsa daga layin mata, sai na ga wani abu. Hannunsa yana hawa yana sauka daidai da kiɗa, yana lumshe ido kamar kullum, amma yatsunsa ba sa taɓa waya ko ɗaya. Iska yake kaɗawa. Haka ya yi tun daga waƙar buɗewa har ta baiko, wadda ake yi lokacin tara sadaka, har aka tashi.

A bakin ƙofa Dattijo Job ya riƙe hannunsa ya ce, "Malam, yau kam ta yi magana! Har cikin ƙirjina nake jin ta." Wasu dattawa biyu suka ce ƙwarai kuwa. Shugabar mawaƙa ta ce ita ce ma ta riƙe musu waƙar baiko da ta so ta kuɓuce.

Muka kamo hanyar gida ta cikin gonakin da aka girbe. Malam ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

Ya ce, "Susana, ashe tun ranar da aka sayo janareton nan ni kaɗai nake jin kaina."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai kaɗai? Ni da nake ce maka ka rage tun Luke yana rarrafe, da me nake ji, da ƙafa? Ko barci nake aka kaɗa waƙar nan taka zan gaya maka inda ka yi kuskure."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Sannan ya rage sauri muka jera.

Da la'asar ta ranar Malam Mudi ya yi sallama. Ya shigo da filaya a hannu da fasassun kwalabe a cikin ƙwarya, irin waɗanda kafintoci suke kankare katako da su. Ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna.

Ya ce, "Malam, ni na sa mata katakon nan. Na ɗauka ƙarfi nike ƙara mata. Tun ranar kuwa in na idar da la'asar sai in rasa abin da nike jira. In ka yarda mu gwada cirewa."

Malam ya ce, "Malam Mudi, ko mun cire, da wane ido zan dubi ikilisiya? Mutum ya kankare karramawar da aka yi mashi a gaban baƙi? Ai Job sai ya kwanta asibiti."

Gaskiyarsa ce. A wurinmu mayar da karramawa ya fi zagi zafi, har jikoki sai an goranta musu. Su biyun suka zuba wa mikiya ido. Ni ce na leƙo daga madafi da muciya a hannu.

Na ce, "Malam Mudi, ba ka da ragowar katako a shago? Su fenti suke so da mikiya. A yi masu tasu."

Haka kuwa aka yi. Malam Mudi ya ɗora jitar a kan ragowar katakon ƙofa ya zana ya yanka, ya haɗa gaba da baya, ya sa wuya, ya mayar da wayar birkin a kai. Aka kai wa Mahadi, dama yana da sauran fenti, ya sake zana mikiyarsa da sunayen kwamiti bai tambayi dalili ba. Ta biyun ma ta fi ta farko kyau, don hannunsa ya saba.

Ta gaskiyar kuwa ta ci mana makonni. Kullum da yamma Malam da Malam Mudi suna gindin mangwaro, ɗaya yana zare ƙusa ta ramin ciki, ɗaya yana kankara da kwalba a hankali. Ni ma na karɓi tawa kwalbar. Luke ya dawo gida da kansa, ya je har Zariya ya nemo tsirkiyoyi na ainihi, ya ajiye a gaban ubansa ya kasa ɗaga kai. Ni na fara isa wurin nan da ya goge. Da itacen ya fito daga ƙarƙashin kore na kira Malam, ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kai ya daɗe bai ɗauke ba.

Fenti ya fita, ƙusoshi sun fita, amma baƙin mai ya riga ya shige cikin itace, shi kam ba ya kankaruwa. Launin zuma bai dawo ba. Muryar ta dawo, sai dai a dishe, kamar ta tsohon da mura ta kama.

Yanzu duk Lahadi Malam yana saɓa ta katakon ƙofa ya tafi majami'a ya kaɗa iska. In baƙi suka zo, Dattijo Job yakan kai su gaba ya nuna musu ita, ya ce wannan tsohuwar jita ce ta asali, ta girmi ginin majami'ar ma, su ne suka ceto ta. Baƙin su shafa mikiya su ce lallai kayan da sun fi na yanzu. An ce bana Dattijo Job yana so a karrama mai gangar mata, kuma tuni matar ta kai gangarta gidan 'yar'uwarta a Matazu.

Da yamma kuma ta gaskiyar tana fitowa gindin mangwaro, gudumar Malam Mudi ta yi shiru a bayan katanga. Akwai wuri guda a tsakiyar waƙar Malam, inda sauti yake hawa sama, da jitar ba ta iya kaiwa yanzu. In ya zo nan sai ka ji kamar an toshe mata baki. Ranar farko ya tsaya cak, ya sake gwadawa, ya sake, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai na ji bakina ya rera wurin daga madafi, ban ma shirya ba. Ya ɗaga kai, sannan ya ci gaba daga inda na ajiye.

Tun daga ranar haka muke yi. In ya kusa wurin yakan ɗan jinkirta ya jira ni, ko da ina tsakiyar tuƙa tuwo ne.